Ɗana ya canza tun da na haifi ƙanwarsa, me zan yi?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci tura. Kwana 23 ke nan da haihuwata, mace na samu, ga yayanta mai shekara 2 da wata 10. Yaron nan kafin in haihu ba ruwansa da rigima. Ya yi wata huɗu da daina fitsarin kwance, da kansa yake ɗauko fo, da hannunsa yake cin abinci. Yanzu komai ya koma baya. Kullum sai ya jiƙa katifa, abinci sai na ba shi a baki, kuma da na zauna zan ba jaririyar nono, a lokacin ne zai ce ruwa yake so, ko ya ɗare bayana, ko ya kwaso kayan wasansa ya watsa a tsakar ɗaki.

Shekaranjiya na shiga banɗaki, ko minti biyu ban yi ba na ji ta tsanyara kuka. Ina fitowa na tarar ya mintsine ta a cinya har wurin ya yi ja. Na daka masa tsawa, na buge masa hannu. Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, ya je ya raɓe a bayan ƙofa. Da daddare ina kwantar da shi ya ce, "Mama, a mayar da ita asibiti." Wallahi kwana na yi ina hawaye. Haka yara suke yi dama, ko ni ce na kuskure wani wuri? Kuma yaushe ake fita daga wannan hali?

Tauraruwa:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yar uwa, Allah ya raya mana ita. Ki kwantar da hankalinki, kamar gidana kike ba da labari. Tawa cewa ta yi a ba maƙwabta jaririn tunda su ba su da ko ɗaya. Kishi ne, kuma yana wucewa.

Baban_Uku:
Allah ya raya. Ni dai a ganina abin da kika yi daidai ne. Yaron da ya mintsini jaririyar kwana 21, gobe me zai yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya san hannu zai sauka a kansa, ba zai sake ba. Kada tausayi ya sa ki lalata shi.

Malamar_Yara:
Baban_Uku, da girmamawa, ban yarda da kai ba. Shekara 11 ina tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a aji. Yaron da aka daka saboda jariri, abin da yake ɗauka shi ne: wannan abar ce ta jawo mini duka. Mintsinin ba ya dainawa, ɓoyewa kawai yake koya, ya jira sai ba kowa a ɗakin. Wannan kuwa ya fi haɗari.

Ɗan shekara 2 da wata 10 bai gama sanin cewa abin da ya yi yana da zafi a jikin wani kamar yadda yake da zafi a nasa ba. Wannan fahimtar a hankali take zuwa. Abin da ya sani shi ne cinyar da yake zama a kai wata ta gaje ta, kuma ba wanda ya nemi shawararsa. Ba shi da kalmomin da zai ce "Mama ina kewarki," sai ya faɗa da fitsari da watsa kaya. Hanawa dole ce, ban ce a ƙyale shi ba. Ki riƙe hannunsa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce "Ba a mintsini, akwai zafi," ki ɗauke jaririyar. Gajeriyar magana, kuma iri ɗaya kowane lokaci.

Baban_Uku:
Malama, mu da aka daka ai ba mu lalace ba.

Malamar_Yara:
Ban ce kun lalace ba Malam. Tambayar ita ce ko dukan zai sa ya so ƙanwarsa. Uwar_Biyu ta ce bai yi kuka ba, bayan ƙofa ya tafi. Wannan shirun shi ya fi damuna, ba mintsinin ba.

NasMaiDare:
Barka 'yar uwa. Kafin a yi nisa da maganar duka, bari in fara da abin da ba ya jiran muhawara. Kada ki sake barin su biyun su kaɗai, ko na ƙiftawar ido. Ba don yaronki mugu ne ba. Sau da yawa ma ɓarnar da ƙauna ake yin ta: yaro ya ji ƙanwarsa tana kuka ya ciccibe ta zai kawo wa Mama, wuyanta kuwa bai yi ƙwarin riƙe kai ba. Ko ya tura mata abin da yake ci a baki don kada a bar ta da yunwa. Ko ya lulluɓe mata fuska da bargo saboda ya ga kina rufe ta. Ga maɗigarta a buɗe, yara kuma suna son dannawa su ga yadda take motsi. In za ki banɗaki, ki tafi da shi, ko ki sa ta a gadonta a inda hannunsa ba zai kai ba. A rigingine za ki kwantar da ita kullum, ba filo, ba kayan wasa a gefenta.

Na biyu, in yana zuwa makarantar raino, ya wanke hannu kafin ya taɓa ta, kuma ki koya masa sumbatar ƙafarta maimakon fuska. Murar da shi zai yi kwana uku ya warke, ita tana iya kwantar da ita a asibiti. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ake tafiya a take, ba a jira gari ya waye.

Fitsarin kwance kuma, in ba ya kuka lokacin yin sa, ba zazzaɓi, ba ya shan ruwa fiye da kima, to yawanci komawa baya ne kawai saboda canjin da aka samu a gida. Ki shimfiɗa leda, ki mayar masa da famfas da daddare in ya zama dole, kada ki yi masa gori.

Hasken_Asuba:
Gaskiya matsalar daga haihuwa kusa da kusa take. Da kin bari ya ƙara wayo da duk wannan bai faru ba.

NasMaiDare:
Hasken_Asuba, ki lissafa da kyau. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. Yaronta yana da wata 34, ki cire watannin ciki, za ki ga ta cika. Kuma ko da ba ta cika ba, jaririya ta riga ta zo. Mai jego ta kwana tana kuka, ba lissafin baya take nema ba.

Kakar_Bakwai:
'Yata, sannu da jego. Shida na haifa, ga jikoki bakwai, kusan ba wanda bai yi wannan ba. Shawarata, in mahaifiyarki ko wata 'yar uwarki tana kusa, ki ba su yaron na mako biyu ko uku ki samu ki huta. Jikinki bai koma ba tukuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sanyin_Idaniya:
Mama, ku yi haƙuri in sa baki a maganarku. Ni na gwada haka kuma har yau ina nadama. Aiki aka yi mini, likita ya ce kada in ɗaga abu mai nauyi na kusan mako shida, sai aka kai 'yata mai shekara 3 wurin kakarta. Wata guda ta yi. Ran da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ga jariri a wurin da take kwanciya, ta ƙi zuwa wurina. Kwana goma ba ta yarda na yi mata wanka ba. A tunaninta an kore ta ne aka kawo wani. Da na sani da kakar na roƙa ta zo ta zauna da mu. Mai taimako ya zo gidan ya ɗauki jaririn da aikin gida, uwa ta samu hannun rungumar babban. Mu kuwa sai mu juya abin, a kwashe babban a bar uwa da jariri.

Kakar_Bakwai:
Kin yi gaskiya 'yata, ban ƙi taki ba. Amma ba kowa ke da mai zuwa ya tare a gidansa ba. In babu, to ko yini ɗaya ne a ɗauke shi ya dawo ya kwana a gadonsa. Uwar da ba ta yi barci ba ba ta da haƙurin da za ta ba kowa.

Dogon_Nazari:
Akwai waɗanda suka zauna suka bibiyi wannan abin gida gida. Masu bincike Judy Dunn da Carol Kendrick sun bi iyalai 40 a Kembirij ta Ingila tun kafin haihuwar ɗa na biyu har bayanta, suka fitar da sakamakon a 1982. Mafi yawan 'ya'yan farin sun ƙara rigima da neman a kula su, kuma fitinar ta fi tashi a daidai lokacin da uwa take hidimar jariri. Wato abin da Uwar_Biyu ta faɗa game da lokacin shayarwa ba sabo ba ne. Amma da yawa daga cikin yaran nan sun kuma nuna ƙarin wayo a wasu abubuwan a daidai wannan lokacin, kamar son yin abu da kansu.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, gidajen da uwa take yi wa babban magana a kan jaririn a matsayin mutum mai buƙata da jin daɗi da ɓacin rai, kamar ta ce "Kana jin kukanta? Me kake gani take so?", yaran sun fi shiri da juna daga baya. Sannan Brenda Volling ta Jami'ar Mishigan a Amurka ta bi iyalai 241, sakamakon ya fito a 2017. Ita ta gano cewa yawancin yaran ba su shiga wata babbar damuwa ba, kuma da yawa daga waɗanda rigimarsu ta ƙaru a watan farko sun lafa cikin 'yan watanni. Ke kuwa ko wata ɗaya ba ki cika ba.

Tauraruwa:
Wannan maganar ta tambayar yaro me jariri yake so, ni ban san an yi bincike a kanta ba amma ta yi mini aiki. Har ta kai 'yata ce take fassara mini kukan ƙaninta. Wani abin da na yi kuma: wata jaka na tanada da 'yan littattafai masu hotuna da kayan wasan da ba na fito da su sai lokacin shayarwa kaɗai. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, kin ga sau goma ke nan yaronki yake ganin an ɗauke masa ke. In kin zauna, ki kira shi tun kafin ya zo da kansa. Hannu ɗaya na jaririya, ɗaya nasa. Ki ajiye masa ruwansa a kusa tun kafin ya tambaya.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, duk na karanta. NasMaiDare, maganar bargo ta tsorata ni domin ya taɓa yi, na ɗauka wasa ne. Daga yau da shi zan riƙa shiga ko'ina. Mama Kakar_Bakwai, mahaifiyata tana nesa, ƙanwata ce ta zauna da ni mako biyu ta koma makaranta. Wani abu da ban faɗa ba: tun ran da muka dawo gida kowa ya shigo sai ya ce masa "Ai yanzu ka girma, kai ne yaya." Ni ma haka nake ce masa in ya nemi in ɗauke shi. Jiya da na faɗa sai ya ce "Ni ba yaya ba ne, ni ƙarami ne."

'YarFari:
Wannan maganar tasa ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ce babba a gidanmu, shekarata 3 aka haifi mai bi mini. Ban tuna haihuwarsa ba, amma na tashi da "ke ce babba" a kunnena. Ya karya mini abu, ke ce babba ki haƙura. Ya dake ni, ke ce babba. Ina da shekara 34 yanzu kuma har yau in na shiga damuwa ba na iya gaya wa mahaifiyata, saboda tun ina ƙarama na koyi cewa kukana ba shi da wurin zama. Ba ta ƙi ni ba, na sani, aiki ne ya yi mata yawa. Amma yaron nan gaskiya ya faɗa miki. Kwana 23 da suka wuce shi ne jaririn gidan. Bai ƙara ko wata ɗaya a shekarunsa ba, idonku ne ya canza da kuka ga wadda ta fi shi ƙanƙanta. In ya ce shi ƙarami ne, ki ce "E, kai ƙaramina ne," ki ɗora shi a cinya. In ya ce a ba shi abinci a baki, ki ba shi. Abin da aka ba yaro ya ƙoshi da shi, da kansa yake saki.

Baban_Uku:
To in an biye masa a komai, yaushe zai san akwai iyaka?

'YarFari:
Iyaka tana kan mintsini da duka da jifa. Neman cinyar uwarsa ba laifi ba ne da za a sa wa iyaka.

Abu_Tagwaye:
Ina ta karantawa ban ga wanda ya tambaya ba: ina uban yaran? Ba da zargi nake tambaya ba. Lokacin da matata ta haifi tagwaye, babbanmu yana da shekara 4. Na ɗauka taimakona shi ne in kwashe shi mu fita, kuma ya yi amfani, mun shaƙu sosai a watannin nan. Wankansa da kwantar da shi duk suka dawo hannuna. Amma wata rana a hanya ya ce mini "Baba, ni Mama nake so." Daga nan muka canza. In na dawo daga aiki, bayan an shayar da su, ni zan riƙe jariran, ita ta shige ɗaki da shi su rufe ƙofa na kamar minti goma sha biyar. Ba waya, ba jariri, abin da ya zaɓa shi za a yi. Ko tagwayen sun yi kuka ni zan ji da su. Maza, riƙe jariri ba ya buƙatar nono, kafaɗa kawai yake so.

Uwar_Biyu:
Abu_Tagwaye, yana ƙoƙari, amma aikinsa na dare ne mako biyu a kowane wata, wannan makon kuma yana ciki. Zan nuna masa abin da ka rubuta.

Zinariya:
Ni nawa akasin naku ne, kuma ina so masu manyan yara su ji. Tazarar shekara 7 ce tsakanin 'yata da ƙaninta. Ba ta taɓa rigima ba, ita ke miƙo famfas, ita ke jijjiga shi, kowa yana yaba ta. Sai da malamarta ta kira ni ta ce yarinyar ta daina magana a aji kuma tana cin farcenta har jini. Da na zaunar da ita ta ce tana tsoron in ta yi laifi zan fi son jaririn. Yaron da ya watsa kaya ya gaya miki damuwarsa da babbar murya. Mai shirun ne ake mantawa da shi.

NasMaiDare:
Uwar_Biyu, na koma na sake karanta rubutunki na farko. Kin ce kin kwana kina hawaye. Daren nan kaɗai ne, ko kullum ne? Yawancin masu jego suna samun saurin kuka da ƙuncin zuciya daga kwana na biyu ko na uku, kuma yana washewa da kansa kafin mako biyu. Ke kin wuce mako uku. In har yanzu kina kuka kusan kullum, ko ba kya iya barci ko da jaririya ta yi barci, ko abinci ya fita ranki, ko kina jin ke ba uwar kirki ba ce, ki faɗa wa likita ko ungozoma, kada ki jira ranar awon mako shida. Ciwon damuwa na bayan haihuwa yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Akwai 'yan tambayoyi goma da ake yi don gano shi, waɗanda aka tsara a Edinbara ta Birtaniya a 1987, minti biyar sun isa a amsa su.

Uwar_Biyu:
Ba kullum ba ne, amma ya fi sau ɗaya. Barci kam ina samu in an bar ni. Abin da ya fi cin raina shi ne in na kalle shi sai in ji kamar na ci amanarsa, in na kalle ta kuma sai in ga ba ta samu ko rabin kulawar da ya samu yana jariri ba. Zan faɗa musu jibi in na kai ta a duba cibiyarta.

Kakar_Bakwai:
Ki faɗa musu, kada kunya ta hana ki. Maganar rabin kulawa kuma ki cire ta a ranki. Shi da ya zo, uwa da uba kaɗai ya tarar. Ita ta tarar da mutum uku. Ki jira ta kai mako shida zuwa takwas ta fara murmushi, ki ga wa za ta fi yi wa. Duk jikokina masu yayye, yayyensu suka fara ba su dariya, ba iyayensu ba.

Malamar_Yara:
Ƙari a kan na Mama: wani lokaci in yana buƙatarki kuma jaririya tana ƙananan kuka ba na yunwa ba, ki ce da ƙarfi yadda zai ji, "Ki ɗan jira, ina sa wa yayanki takalmi." Ita ba ta gane ba, shi ya gane. Kullum shi ake ce wa jira. Kuma tunda kin buge masa hannu abin yana damunki, ba laifi ki ce masa "Na yi fushi da yawa ranar nan, yi haƙuri. Amma ba a mintsinin ƙanwa." Duka biyun gaskiya ne.

Baban_Uku:
Uwa ta ba ɗan shekara biyu haƙuri? Wannan kam ban taɓa ji ba. Amma maganar Abu_Tagwaye ta shige ni, domin ni ban taɓa riƙe jariri don uwarsa ta zauna da yayansa ba, sau uku kuwa aka yi haihuwa a gidana.

Uwar_Biyu:
Na dawo bayan kwana biyar. Na yi maganar da ungozoma, ta yi mini tambayoyi ta ce in dawo bayan mako biyu. Jakar Tauraruwa ta yi aiki kwana uku, yanzu ya fara gajiya da littattafan. Bai sake mintsininta ba, amma ban ba shi damar ba ma. Fitsari dare biyu bai yi ba, dare uku ya yi. Jiya tana kuka na tambaye shi me take so, ya tsaya ya kalle ta ya ce "Mamanta take so," ya matsa mini wuri a kujera. Yau da safe kuma na nemi hularta na rasa, sai a cikin kwandon shara na gan ta.

Hasken_Asuba:
Ki yafe mini maganata ta farko 'yar uwa, ban yi tunani ba. Ni ma cikin wata bakwai gare ni, ga ɗan shekara 2 a hannu. Waɗanda kuka wuce wannan, gadonsa nake so in ba jaririn. Yanzu ya kamata in sauke shi daga ciki tun kafin in haihu, ko in bar shi in nemi wani?